Ki Yanka Gwangwanin, Zulai

Omdurman, ranar Laraba.

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya a Haɗeja, ke da maigidanki Malam Sani. Allah Ya tsare ku da safe, Ya tsare ku da yamma, Ya kau da idon mugu daga ƙofarku. Ki durƙusa ki gaishe mini da surukanki, ki ce Idi mai lambu yana godiya da yadda suka karɓi 'yarsa. Mu nan lafiya lau muke, sai zafi da kewarki.

Kada ki yi dariyar girman rubutun nan. Da hantsi nake shimfiɗa tabarma a gindin lemun tsami in rubuta iya abin da ido ya yarda, da ya fara hazo sai in ajiye alƙalami sai gobe. Da gangan kuma na rubuto da Hausa, da ajamin da kakanki ya koya mini, don bakinki ya saba. A can ba wanda zai gane "ya'ani" da "halas" ɗin nan da kike cusawa a tsakiyar kowace magana, kuma ba na so a ce Sani ya tafi neman ilmi ya dawo da matar da sai an yi mata tafinta.

Ba labari zan ba ki ba, abokin Sani da ya kawo takardar zai ba ku labarin gari. Magana ɗaya ce ta hana ni sukuni. Ranar da kuke ɗaure kaya na ji abin da kika faɗa wa yayanki Habu a wajen randa. Idona ne ya raunana, kunnena yana nan garau. Kina naɗe gwangwanin dashen lemun tsamin da na ba ki da jiƙaƙƙen buhu, kika ce, "Shatlar nan ba zan dasa ta ba, ya Habu. A safiharta zan bar ta, ya'ani a gwangwaninta. Bayan damina ina dawowa wajen Baba in taho da ita. Ba mumkin in bar shi da idon nan ba." Sani kuwa, da yake kirkinsa har ya yi masa yawa, na ji ya ce to. Ni ban ce to ba. Akwatin da kika tura ƙarƙashin gadon mahaifiyarki wai don ki tarar da shi, ga shi nan na haɗo miki da takardar. Ina so ki yanka gwangwanin nan ki sa itacen a ƙasa, ke ma ki zauna a inda Allah Ya kai ki. Na san taurin kanki, wajena kika gado shi, umarni kaɗai ba zai yi ba. Don haka zan gaya miki itatuwan da na kashe da waɗanda na nakasa da hannuna, ki auna da kanki.

Kakanki, Allah Ya jiƙansa, ba ki san shi ba sai a baki. Daga wani ƙauye a ƙasar Katsina ya fito da ƙafa, da niyyar Makka. Ya yi noma a Wadai, ya tsinci auduga a Jazira, ya iso Omdurman ya ce zai ɗan huta ya haɗa guzuri. A cikin hutun nan ya haife ni, ya yi mini aure, har ya goya Habu. Amma ko sau ɗaya ban ji ya ce "garinmu" yana nufin nan ba. In aka tambaye shi sai ya ce, "Mu a kan hanya muke." Ba shi kaɗai ba, tsofaffin unguwarmu da yawa haka suke magana har suka koma ga Allah. Bai yarda an yi wa ɗakinsa rufi mai ƙarfi ba, kuma bai taɓa sa itace a ƙasa ba. Ga shi da son shuka, amma duk a gwangwanayen mai: lalle, ɗoɗɗoya, barkono, da wani lemun tsami da ya tsira daga ƙwallon da ya tofar. Suna jere a jikin katanga, wai ranar tashi sai a ɗora su a mota.

Da ya rasu sai na gaji gwangwanayen, na gaji maganar. Ki duba wauta irin tawa. Ina aiki a lambu a Soba, kullum ina dasa wa mutane itatuwa a bakin kogi, in dawo gida in zuba wa lemun mahaifina ruwa a gwangwani. Ganyensa ƙanana, rawaya-rawaya, shekara da shekaru bai wuce ƙuguna ba. Nakan ce rashin taki ne. In gwangwani ya yi tsatsa in nemo wani in mayar da shi. Ban taɓa tambayar kaina ina za ni da shi ba, ni da aka binne cibiyata a nan, ko hanyar Katsina ban sani ba.

Mahaifiyarki Rakiya ce ta raba gardama. Wata rana na dawo da la'asar na tarar ta sa gatari ta tsaga gwangwanin, ta haƙa rami a tsakar gida, ta kwantar da itacen a kan buhu tana jirana. Lokacin kina cikinta, da ƙyar take sunkuyawa. Raina ya ɓaci, na ce, "Rakiya, amanar Baba kika fasa?" Kin dai san ta, ba ta ɗaga murya. Ta ce, "Zo ka ga amanar."

Na durƙusa na duba. Ƙasa kusan babu, saiwa ta cinye wurin. Ta je ta bugi ƙarfe ta juyo, ta sake bugawa ta sake juyowa, ta naɗe kanta kamar gammo, har mai kaurin cikinta ta fara shaƙe wuyan itacen. Ita uwar saiwa aikinta ta nutsa ƙasa ta riƙe itace, ta nemo laima a inda rana ba ta kaiwa. Na gefe kuma su bazu su nemo abinci. A nan duk sun rasa wurin zuwa sai junansu. Na san wannan sarai, ina faɗa wa masu sayen dashe a Soba, amma ban taɓa kawo shi a kan lemun gidanmu ba. Rakiya ta ce, "Malam, ni dai a nan zan haihu. In kai kana kan hanya, Allah Ya kiyaye, amma ka bar mana itacen." Kunya ta rufe ni. Na karɓi gatarin na faɗaɗa ramin.

Ya rayu, ga shi a inuwarsa nake zaune. Sai dai bai warke duka ba. Karkatar nan da ya yi wajen ɗakin girki ba ado ba ce. Saiwar da ta daɗe tana zagaye ba ta miƙe gaba ɗaya ba, shi ya sa duk lokacin da iska ta taso kike ganina da sanda ina tokare shi. Da an dasa shi yana ƙarami da yanzu ya rufe rabin gidan. To kada ki ce bari ki ga yadda wurin yake tukuna. Bayan damina, bayan sallah, bayan haihuwar fari, haka ake farawa, kuma na ga inda ake ƙarewa. Ki buɗe akwatunanki duka. Ki koyi sunayen maƙwabta da na 'ya'yansu, ki shiga sunansu da makokinsu. In an tambaye ki ina ne gida, ki nuna ɗakin da kike kwana.

Zan gaya miki abin da zai biyo baya don kada ki firgita. Itacen zai yi yaushi bayan dasawa, watakila ya zubar da wasu ganye. Farkon shigata aikin lambu an ce in kwashe dashen gwaiba in kai sabon fili. Ina saurayi, ina son a yaba mini. Na riƙa fizgo su da hannu, na kai su bakin kwata na wanke saiwar tas, fara fat, na jera gwanin sha'awa. Mai lambun ya zo ya gani, ya tambaye ni ko miya zan yi da su. Ko ɗaya bai kama ba. Ashe a kusa da ƙarshen kowace ƙaramar saiwa akwai wani gashi-gashi da ya fi na jariri laushi, da ƙyar ido yake ganinsa. Su ne ke shan ruwa, mai kaurin hanya ce kawai da ruwan ke bi ya hau. Ni kuwa na wanke su na zubar a kwata. Tun ranar ban sake ɗaga dashe ba sai da ƙasarsa a jikinsa, kuma ko an yi hakan sai wasu sun tsinke, sai itace ya yi laushi kafin ya fitar da sababbi.

Don haka ban ce ki wanke kanki ba. Ki toya kisrarki ta dawa, ki dafa gahawarki ta jabana da citta yadda kika saba, ki yafa tobinki, ki turara ɗakinki da turaren mahaifiyarki. In sun yi dariyar Hausarki ki taya su, sannan ki tambayi yadda ake faɗa. Kuma watannin farko za ki yi yaushi, abinci ba zai yi miki daɗi ba, za ki ji kowa yana kallonki. Ki yi kukanki ki wanke fuska. Abin da na hana ki shi ne ki yanke shawara a cikin wannan hali, don wanda ya ga dashe ya langaɓe ya tumɓuke shi ya mayar gwangwani, sau biyu ya tsinka masa gashin.

Mangwaron tsakar gida kuwa kin san labarinsa, don ke kika warware mini shi. Rakiya ta ce tana son igiyar shanya, na ɗauko waya na ɗaure a jikinsa yana matashi, na ja zuwa katanga. Ban matse ba, har yatsana yana shiga tsakani. Na manta da ita. Shi itace kullum ƙara kauri yake, waya kuwa yadda aka ɗaure ta haka take. A hankali ɓawo ya haɗiye ta, saman wurin ya kumbura. Na gani na ce ƙiba ce. Sai ga wata shekara ya yi 'ya'ya kamar zai karye, har unguwar bayanmu an sha. Na yi ta cika baki a masallaci, ina cewa taki ne na musamman. Shekarar da ta biyo ya fara bushewa daga sama, na zuba ruwa, na zuba taki, ya yi biris da ni ya mutu.

Kina sakandare lokacin. Kika zo kika kankare wurin da wuƙa har wayar ta fito, kika ce, "Ya Baba, ruwa ta cikin itacen yake hawa, shi ya sa ganye bai nuna komai ba. Lakin abincin da ganye ya dafa, ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka. Silik ɗin, wayar nan, ya datse hanyar. Ya'ani sama ta ƙoshi ta zuba a 'ya'ya, saiwa tana mutuwa da yunwa." Na yi shekaru ina yanka ɓawo ban san hanyoyi biyu ne a ciki ba, ɗaya ta hawa ɗaya ta sauka. Ranar na ji haushin kaina, na kuma ji daɗinki har na rasa wanda ya fi.

Nakan tuna mangwaron nan in na tuna shekarar Rakiya ta ƙarshe. Ba ta taɓa aiki kamar shekarar ba. Ta yi wa Habu hidimar aure, ta shafe ɗakuna, ta ɗinka miki kaya har da waɗanda ba ki kai sawa ba. Ni kuma ina ta yaba ƙarfinta. Kwana ne ya ƙare, na sani, ba na jayayya da hukuncin Allah. Amma da na iya kallo da na zaunar da ita na tambaye ta abin da ke ciwo, ko ba komai da ta sami wanda ta gaya wa. Ke ma halinki ke nan, in abu ya dame ki sai ki hau share-share da wanke-wanke. Na riga na gaya wa Sani, in ya ga gida ya cika ƙyalli ya ajiye littafi ya tambaye ki. Ke kuma in ya tambaya ki faɗa. Kuma alkawarin nan da kika ɗaura wa kanki na dawowa saboda ni, yau sako-sako kike jin sa. Za ki yi 'ya'ya, za ki yi aiki, za ki yi kauri a wurin, shi kuwa yana nan yadda kika ɗaure shi. Ban yarda ba, na kwance miki shi tun yanzu.

Akwai wata wautar da ba ki sani ba, don kunya ta hana ni faɗa a gida. Shekarun farko da sojoji suka karɓi mulki, kin tuna yadda man inji ya yi wuya, sai da takardar izini, ita ma sai an sha layi. Injin da ke jawo mana ruwa daga kogi ya tsaya. A kan gada kuma ana tsayar da motoci ana bincike, ana sauke samari, in na bar Omdurman da sassafe sai rana ta take nake isa Soba. Da jaki muke ɗebo ruwa a durom, ga dashen lemo fili guda yana kallona. Sai dabara ta zo mini. Na san ta ganye ruwa ke fita, to in babu ganye ai ruwan zai zauna. Na bi rabin filin na zage su tas, suka zama tsinke. Sauran gajiya ce ta hana ni, sai na rage musu ganye kaɗan, na kafa musu zana ta tare rana. Waɗanda na zage suka yi ta ƙoƙarin fitar da toho da ɗan abin da ya rage a jikinsu, tohon ya fito a raunane rana ta ƙone shi, suka sake, har suka ƙare. Na ƙarƙashin zana suka yi baƙi-baƙi, suka nannaɗe ganye, amma da ruwa ya dawo suka tashi.

Sai daga baya, ranar da kika kai ni makarantar horon malamai kika sa na leƙa na'urar nan mai ƙara girman abu da kuke kira mijhar, na ga abin da na yi. Kika ɓare fatar bayan ganye kika shimfiɗa, sai ga ƙananan bakuna jere ba iyaka, kowanne da leɓɓa biyu. Kika ce da su ganye ke shaƙar iska, ta nan ruwa ke fita, kuma in ƙishi ya yi yawa shi da kansa yake rufe su. Ashe itacen ya fi ni sanin yadda zai yi tattalin ruwansa. Kika nuna mini koren da ke ciki, kika ce nan ne ake haɗa hasken rana da ruwa da iska a yi abinci. Wato ni na rushe murhu don in adana ruwan randa. Na gode Allah da Ya nuna mini wannan tun ido yana nan, har yanzu in na rufe shi ina ganin bakunan.

Matsi zai zo miki, kowane gida yana zuwa. Ki rage, amma kada ki zage kanki. Ki nemi makarantar da za ki koyar, ko ta 'yan mata ce a cikin unguwa, kada takardarki ta zama abin ado a akwati. Kada ki daina karatu, kada ki daina zama da mata kina dariyar nan taki da ake ji daga bakin titi. Su ne mutum ke fara yankewa in rai ya ɓaci, yana ganin ɓata lokaci ne, alhali daga nan ƙarfinsa ke zuwa. Shi ma itacen, in ƙura ta rufe masa ganye ki watsa masa ruwa da yamma, har da bayan ganyen.

Kin san itacenki itace biyu ne, don da hannunki aka haɗa shi. Gindin larinja ne, lemon nan mai ɗaci da ba ya tsoron ƙasa mai nauyi. Saman kuwa ido ne, wato ɗan wurin da toho ke fitowa, na ɗauko daga lemun gidanmu. Ni na tsaga ɓawon da lalube, ke kika zura idon, ina ce miki a hankali kina ce mini kin sani. Tsakanin ɓawo da itace akwai wani siririn wuri mai danshi da santsi, shi ke ƙara wa itace kauri, shi ke ɗinke rauni. In na wannan bai taɓa na wancan ba, ko da igiyar rijiya aka ɗaure ba za su haɗu ba. Farkon koyona na iya yanka, na iya ɗauri, haƙuri ne babu. Kullum sai na kwance in leƙa ko ya kama. Iska ta shiga, wurin ya bushe, idon ya yi baƙi ya faɗi. Na yi ta zargin wuƙa, na yi ta zargin iri, ashe leƙen ne. Ke ma kada ki riƙa auna mutanen gidan kullum, wance ta gaishe ni da fara'a, wance ba ta amsa da kyau ba. Ki yi musu abin da ya dace ki bar shi a rufe, lokaci zai yi nasa aikin.

Ki lura da ƙasan wurin haɗin. Larinja zai riƙa fitar da nasa toho, mai ƙarfi, mai dogayen ƙaya, ya fi na sama saurin girma. Na taɓa barin irinsa don ya ba ni sha'awa, ya shanye ruwan duka, na wayi gari da itacen ɗaci. Da kin gani ki murje shi da yatsa tun yana laushi. Ba sai na faɗa miki wane hali nake nufi ba. Zuciyar nan mai saurin tashi tawa ce, na ba ki ba da niyya ba, Rakiya ta yi fama da mu biyu. Furen farko kuma ki tsinke shi, ko da ya ba ki tausayi. Ƙaramin itace in ya ɗauki 'ya'ya da wuri tsayawa yake, ki bar shi ya yi jiki tukuna.

Yanzu maganar idona, tunda ita ce hujjarki. Likita ya ce jijiyar ce ke raunana, ba yana ba ce da za a kankare. Ina sa maganin a kan lokaci. Zamanki a nan ba zai ƙara mini gani ko na ƙwayar gero ba, sai dai in riƙa jin motsinki a tsakar gida ina sanin ni na tsare ki, wannan kuwa ya fi mini makanta ciwo. Habu da matarsa Nafisa sun dawo ɗakin gabas. Yana rufe shagonsa a Kasuwar Libiya da wuri ya zo mu ci abinci tare. Miyar Nafisa gishiri ne wata rana ya yi yawa wata rana babu, amma yarinya ce mai kirki, kada ki gaya mata na faɗa. Masallaci katanga ɗaya ce ke kai ni. Soba ma ina zuwa jefi-jefi, hannuna ya san ɓawon da ya isa yanka ko ido bai gani ba. Kewarki kam ina yi. Ranar da kuka tafi na shiga ɗakinki na zauna a bakin gado na yi kuka, ba na ɓoye miki. Ki zo ganin gida in Allah Ya hore, ki zo da jikokina su ja mini gemu, ki yi kwanakinki ki koma gidanki.

To ga yadda za ki yi. Da ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ki zaɓi wurin da rana ke samu, nesa da katanga kaɗan. Ramin ya fi faɗi a kan zurfi. Kada ki ja itacen ta wuya, ki sa Sani ya yanka gwangwanin ta gefe, malami ne amma ai zai iya riƙe almakashi. In kin ga saiwa ta fara zagaye ki warware ta da yatsa a hankali ki miƙar da ita waje. Wurin haɗin ya zauna sama da ƙasa, kada ki binne shi. Ki danna ƙasar da tafin hannu, ki ba shi ruwa ya ƙoshi. Gwangwanin kuma ki jefar, kada in ji an ajiye shi a bayan ɗaki.

Takarda kam ki riƙa rubutowa, Habu zai karanta mini. Amma na san abin da za ki ce, lafiya lau, komai daidai, an dasa. Don haka a cikin kowace takarda ki sa mini ganye guda daga sabon reshe. Ko ya bushe a hanya yatsuna za su karanta shi. Ganyen itacen gwangwani na san shi, na shafe rabin rayuwata ina shafa shi, ƙarami ne, siriri, ba nauyi. Wanda saiwarsa ta sami ƙasa kuwa faɗi yake yi, ya yi kauri, jijiyar tsakiyarsa ta tashi, in aka murza shi ƙamshi ya cika hannu. In na ji na farko zan san har yanzu kina tsaye a bakin ƙofa da takalmi a ƙafa, kuma ba zan yi barci mai daɗi ba. In na ji na biyu zan san 'yata ta sauka. Kada kuma ki yi mini wayo ki tsinko na maƙwabta, na san ƙamshin itacena.

Allah Ya yi miki albarka, Zulai, Ya sa ƙasar ta karɓe ki, Ya ba ki maƙwabta na gari da zuri'a mai jin ƙai. Allah Ya tsare ki daga ciwo da sharrin baki, Ya tsare Sani a fitarsa da shigarsa, Ya sanya sanyi a tsakaninku. Allah Ya jiƙan Rakiya. Na yafe miki duniya da lahira, ba ki da nauyina a wuyanki ko kaɗan. Ina nan a gindin lemo ina jiran ganye.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinki,
Idi